Rabilu Musa Ibro: Ganduroban da Ya Zama Sarkin Barkwanci

Kafin ƙasar Hausa ta san shi da sunan Ibro, marigayi Rabilu Musa ma'aikacin gwamnatin tarayya ne mai jiran albashi a ƙarshen wata. An haife shi ranar 12 ga Disamba, 1971, a Ɗanlasan da ke ƙaramar hukumar Warawa ta Jihar Kano. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, sannan a 1991 ya shiga aikin gidan yari, inda ya yi shekara takwas yana ganduroba.

Tun yana sanye da kaki yake wasan daɓe tare da abokansa na yankin Wudil. A daidai lokacin ne harkar finafinan bidiyo, wadda Turmin Danya ya buɗe wa ƙofa a 1990, take bunƙasa a Kano. Fim ɗin 'Yar Mai Ganye ya fito da shi fili. Daga bisani ya ajiye aikin gwamnati, da fanshonsa da komai, ya rungumi sana'ar da a wancan zamani iyaye da yawa ba sa ɗaukar ta sana'a.

Manyan masu shirya fim na birni sun laƙaba wa irin finafinansa suna camama, wato aikin gaggawa mai araha, wanda ake ɗauka a ƙauye cikin 'yan kwanaki. Suna ne na raini. Amma kaset ɗin camamar ne 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suke ɗaurewa dami-dami zuwa Gombe da Sakkwato da Maraɗi, domin talaka ya ga kansa a ciki. Yayin da sauran finafinai suke kwaikwayon soyayyar Indiya a gidajen alfarma, Ibro yana fitowa a direba, ko wanzami, ko ɗan ƙauyen da birni ya ruɗa, ko maigidan da bashi ya yi wa katutu. Gwanintarsa tana cikin jiki da murya: yadda yake zare ido, yadda yake cika baki sannan ya arce da zarar an taso masa. Wanda ya yi shekaru yana kallon mutane a ranar da dabara ta ƙare musu, ba abin mamaki ba ne ya iya kwaikwayon mai fankama da matsoraci haka.

Waƙa kuwa ba ado ba ce a wurinsa, rabin sana'ar ce. Ba shi da zaƙin muryar mawaƙan soyayya, bai kuma nemi ya yi ba. Yakan ɗauki kiɗan da ya yi tashe ya juya shi abin dariya, kamar yadda ya yi wa salon mawaƙin Kwango Awilo Longomba a Ibro Awilo. Hatta labaran duniya bai ƙyale ba, ga Ibro Usama nan shaida. Gaskiya ne wasu finafinan an yi su da sakaci, kuma yawan fitowa ya sa yana maimaita kansa. Sai dai ko a mafi rauninsu, da wuya a rasa wurin da zai sa mutum ya dara.

Waƙar ce kuma ta jawo masa jarrabawa mafi girma. Bayan dambarwar da ta girgiza masana'antar a 2007, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugabancin Hukumar Tace Finafinai, aka kuma tsaurara doka. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro hukuncin ɗaurin wata biyu. Tuhumar ta shafi rajistar kamfani da fim ɗin Ibro Aloko, wanda a cikinsa waƙar Mamar take. A bakin jama'a kuwa, magana ɗaya ce: waƙar ta yi shaguɓe ga wani yadi da ake dangantawa da gwamna. Haka tsohon ganduroba ya koma gidan yari, wannan karon ta ɗaya ɓangaren ƙofar. Ba shi kaɗai ba ne, Adam A. Zango da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama su ma sun sha ɗauri a wannan zamani.

Ya fito ya ci gaba da aiki, farin jininsa bai ragu ba. Da kasuwar faifai ta fara ja da baya, tashoshin tauraron ɗan'adam irin su Africa Magic Hausa suka shigar da shi falon ma'aikatan da a da suke kallonsa a ɓoye.

Ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa a ƙarshen rayuwarsa. Allah Ya yi masa rasuwa a Kano ranar Laraba, 10 ga Disamba, 2014, saura kwana biyu ya cika shekara 43. Allah Ya jiƙansa da rahama.