Tarihin Paul Klee, Mai Zanen da Ya Samo Hanyarsa a Ƙairawan

A wannan fitowa mun ɗauko tarihin wani Bature gwanin zane mai suna Paul Klee, ana furta sunan Kile. Ba Musulmi ba ne, bai kuma taɓa taka ƙasarmu ba. Mun zaɓo shi ne domin yaranmu na nan Sabo masu rubuta allunan shaguna, da masu zanen jikin manyan motoci, da masu fitar da zanen hula kafin a ɗinka, ko sa samu abin ɗauka daga hanyar aikinsa.

An haifi Klee ran 18 ga Disamba, 1879, a wani ƙauye kusa da birnin Bern na ƙasar Siwizalan. Uwarsa 'yar ƙasar ce, amma ubansa Bajamushe ne, malamin kiɗa. Dokar lokacin kuwa uba take bi, saboda haka a ƙasar da aka haife shi ya tashi da takardar Jamus. Ya iya goge irin na Turawa ƙwarai, amma a 1898 ya tafi Munich ta Jamus koyon zane. A 1906 ya auri Lily, mai koyar da fiyano. Shekaru da dama kuɗin koyarwarta ne ke riƙe da gidan, shi kuma yana renon ɗansu yana zane, galibi da baƙin layi a kan farar takarda, domin haɗa launi ya ƙi masa.

To, tafiya mabuɗin ilimi. A watan Afrilu na 1914 ya tafi Tunisiya tare da abokansa biyu masu zane, August Macke da Louis Moilliet. Tafiyar ba ta wuce kamar mako biyu ba. Sun ga Tunis da Hammamet, daga nan suka isa Ƙairawan. Duk wanda ya yi karatun Risala a cikinmu ya san sunan garin nan, domin shi ne garin mai littafin, Ibn Abi Zaid Alƙairawani.

Abin da Klee ya yi a can shi ne jigon maganarmu. Ya tsaya ya ƙare wa garin kallo: ganuwa, ƙofofi, ƙubbobi, da yadda rana ke sauka a kansu. Da ya zo zane, bai tsaya ƙirga bulo da taga kamar mai ɗaukar hoto ba. Sai ya raba takardarsa gida-gida kamar dara, wannan gida ja, wancan ruwan ƙasa, na gaba shuɗi, da fentin ruwa mai tsarki-tsarki, sa'an nan ya ɗora ƙubba ɗaya ko biyu. Mai kallo ba zai nuna gidan wane ba, amma zai ji zafin garin da tsarinsa. Irin wannan zane, wanda ba ya kwaikwayon siffar abu sai dai tsarinsa da launinsa, ba baƙo ba ne a wurinmu. Dagi a bangon soro, aska takwas a gaban riga, zayyanar allon sauka, duk danginsa ne.

Daga 1921 zuwa 1931 ya koyar a makarantar Bauhaus ta Jamus, har masaƙa suna cikin ɗalibansa. Ba ya ba su zanensa ya ce su kwafa. Daga ɗigo yake fara musu, yadda yake motsawa ya zama layi, layi ya zama fili, sa'an nan wane launi ke zama lafiya da wane. Yana tura su kallon jijiyar ganye da reshen itace, don su gane yadda abu ke tsirowa. Kazalika tun 1911 ya buɗe littafi irin namu na 'yan kasuwa, yana shigar da kowane aiki da shekararsa da lambarsa, bai daina ba har mutuwarsa.

A 1933, da Hitler ya hau mulki, aka kore shi daga aikin koyarwa a Düsseldorf, ya koma Bern. A 1937 gwamnatin Jamus ta kwashe ayyukansa 102 daga gidajen ajiye zane, ta baje 17 a wani nuni da aka shirya don a yi wa irin zanensu dariya. Ga kuma ciwo mai taurara fata da ya kama shi tun 1935. A 1936 aiki 25 kacal ya iya yi. Da hannu ya yi nauyi, sai ya koma ga manyan layuka masu kauri, kuma a 1939 kaɗai ya shigar da aiki 1,253 a littafinsa.

Ya nemi takardar zama ɗan ƙasa a Siwizalan, inda aka haife shi. Ya mutu ran 29 ga Yuni, 1940, yana da shekara 60, saura kwanaki kaɗan hukuma ta zauna a kan takardar. Mu da 'ya'yanmu aka haifa a nan, amma idan an zo neman takardar asali a ce su koma garin kakanninsu, mun san ɗacin wannan. A 2005 kuwa, Bern ɗin nan ce ta buɗe katafaren gida da sunansa, mai ɗauke da ayyukansa kusan 4,000.

Gaskiya ne Klee ya zana mutane da tsuntsaye da kifaye, wannan kuwa malamai ke da magana a kai. Mu hanyar aikin muke nuna wa yaranmu. Maimakon kwafar zanen da ke jikin motar wani, yaro ya fita ya dubi inda yake zaune: jerin kwanukan rufi masu tsatsa, tulin goro fari da ja a kan ganye, layukan rumfunan kasuwa. Ya fitar da tsarin, ya gwada launi biyu ko uku, ya rubuta kwanan wata ya ajiye, gobe ya sake. Iyaye kuma a daure a saya musu takarda da fenti, kada a ce wasa ne.

Allah Ya yi wa sana'o'inmu albarka, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, amin.