Faimiyun, Maginin da Ya Kai Addinin Annabi Isa Garin Najran



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, da wuya a samu wanda ya zauna a makarantar allo cikinmu bai wanke Suratul Buruji ba tun yana ƙarami. Da yawanmu kuma mun ji a wurin tafsirin watan azumi cewa mutanen da aka ƙone cikin ramin wuta, bisa fassarar da ta fi shahara, muminan garin Najran ne. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda imani ya isa wannan gari tun farko, alhali yana can ƙuryar ƙasar Larabawa, kewaye da masu bautar gumaka. Malaman sira sun ce wani magini ne ya kai shi, ana ce masa Faimiyun.

Labarinsa yana farkon littafin Sira na Ibn Hisham, wanda ya rasu a shekara ta 218 bayan Hijira. Shi kuma ya ɗauko daga aikin Ibn Ishaƙ, wanda ya ruwaito shi daga Wahabu ɗan Munabbihi, malamin Yaman da ya shahara da sanin labarun mutanen farko. Imam Ɗabari ma ya kawo shi cikin littafinsa na tarihi. Labari ne daga cikin labarun Ahlul Kitabi, irin waɗanda shari'a ta yi izinin a ba da su matuƙar ba su saɓa wa Alƙur'ani da Sunna ba, sai dai ba a gina hukunci a kansu. Da wannan sharaɗi muke kawo shi.

Faimiyun ya rayu a zamanin da ke tsakanin Annabi Isa da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su. Yana cikin sauran mutanen da suka rage a kan tauhidin da Annabi Isa ya zo da shi. Mutum ne salihi, mai gudun duniya, wanda ake karɓar addu'arsa. Sana'arsa gini ne da laka, irin ginin da muka sani a garuruwanmu: a kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a ta da bango. Ba ya cin komai sai daga guminsa. Ranar Lahadi ba ya taɓa aiki, sai ya fita daji shi kaɗai ya yi ta salla har yamma. Yana yawo ƙauye zuwa ƙauye a ƙasar Sham, kuma da zarar mutanen wuri sun fara gane ko shi wane ne, sai ya tattara kayan aikinsa ya koma inda ba a san shi ba.

A wani ƙauye, wani mutum mai suna Salihu ya lura da shi, ya ji yana ƙaunarsa irin ƙaunar da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya dinga binsa a ɓoye. Wata Lahadi ya bi shi daji, ya laɓe inda yake hangensa. Faimiyun yana tsaye yana salla sai ga wani ƙaton maciji, wanda ruwayar ta ce kawunansa bakwai, ya nufo shi. Faimiyun ya yi addu'a a kansa, macijin ya mutu. Salihu bai san abin da ya samu macijin ba, tsoro ya kama shi, ya kasa daurewa, ya ƙwala ihu yana gargaɗinsa. Faimiyun ko waiwayowa bai yi ba, ya ci gaba da sallarsa har ya idar. A nan Salihu ya bayyana masa ƙaunar da yake yi masa, ya roƙi ya bar shi ya zama abokin tafiyarsa. Faimiyun ya nuna masa cewa ga halin da yake ciki yana gani da idonsa, in zai iya jurewa to bismillah.

Mu lura da jerin abin. Salihu ya so mutumin nan tun bai ga wata karama a wurinsa ba. Abin da ya gani kawai shi ne magini mai riƙon amana, mai yawan ibada, wanda ba ya roƙon kowa. Halinsa ya ja shi, karama daga baya ta zo.

Akwai wata ɗabi'a ta Faimiyun da ta cancanci a daɗe a kanta. In ya ci karo da mai ciwo a kan hanyarsa, yakan yi masa addu'a, Allah kuma ya ba shi lafiya. Amma in aka aiko musamman ana kiransa ya zo ya duba mara lafiya, ba ya zuwa. Mai karatu zai iya ganin wannan kamar taurin zuciya. Mu dai a fahimtarmu tsoron fitina ne, domin ranar da ya amsa kira na farko, ranar ce zai tashi daga magini ya koma mai magani, a yi layi a ƙofarsa, a fara kawo masa goro da awaki, zukatan mutane su rataya gare shi maimakon Wanda yake roƙo. To wani mutum a ƙauyen yana da ɗa makaho. Da ya tambaya aka ce masa Faimiyun ba ya amsa irin wannan kira, amma yana yin gini a biya shi, sai ya yi dabara. Ya kwantar da yaron a ɗaki, ya lulluɓe shi da mayafi, ya je ya ce masa yana da aikin gini a gida, ya zo ya gani su yi jinga. Da suka shiga ɗakin yana nuna masa wuraren gyara, sai ya yaye mayafin, ya roƙe shi ya yi wa wannan bawan Allah addu'a. Faimiyun ya yi addu'a, yaron ya tashi garau. Uban ya samu biyan bukata, Faimiyun kuwa ya san asirinsa ya tonu, sai ya bar ƙauyen, Salihu na biye da shi.

Ahlus Sunna ba su musun karamar waliyyai, Imam Ɗahawi ya rubuta haka cikin littafinsa na aƙida. Amma malamai sun ce alamar mai karama ta gaskiya ita ce yana ɓoye ta, yana jin kunyar a sani. Sai mu auna wannan da abin da muke ji a kasuwanninmu, daga Maraɗi har Damagaram, inda mutum zai ɗaura lasifika a kan mota yana shelar cututtukan da yake warkarwa da kuɗin kowanne, yana haɗawa da ayoyi. Talaka ya sayar da hatsin da zai ci da damina ya kai masa.

Suna cikin tafiya a ƙasar Sham suka wuce wata babbar bishiya, wani mutum ya kira Faimiyun da sunansa daga cikinta, ya sanar da shi cewa ya daɗe yana jiransa, kuma ajalinsa ya zo, kada ya wuce sai ya tsaya a kan kabarinsa. Mutumin ya rasu, suka yi masa sutura, suka ci gaba. Da suka shiga ƙasar Larabawa sai wani ayari ya far musu, aka kama su, aka kai su Najran aka sayar. Wani babban mutum ya sayi Faimiyun, wani kuma ya sayi Salihu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gudun a san shi, ga shi yanzu bawa ne, ba shi da ikon barin gari.

Najran kwari ne mai ruwa da gonakin dabino, a kan hanyar ayarin turare da ke tasowa daga Yaman zuwa arewa. A yau yana kudu maso yammacin Saudiyya, dab da iyakar Yaman. A wancan zamani mutanensa suna bauta wa wata doguwar bishiyar dabino. Kowace shekara suna yi mata idi, su rataya mata tufafi masu kyau da kayan adon mata, su wuni a gindinta.

Ubangidan Faimiyun ya ba shi ɗaki. In dare ya yi ya tashi salla, sai ɗakin ya cika da haske ba tare da fitila ba, har gari ya waye. Ubangidan ya gani, abin ya ba shi mamaki, ya tambaye shi addininsa. Sai da aka tambaye shi sannan ya yi magana, kuma da ya buɗe baki bai rage komai ba. Ya gaya masa cewa suna kan ɓata, dabinon nan ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, kuma da zai roƙi Allah Makaɗaici da yake bauta wa, da ya halaka shi. Ubangidan ya yi alkawarin cewa in haka ta faru za su bar abin da suke kai su shiga addininsa. Faimiyun ya yi tsarki, ya yi salla raka'a biyu, ya yi addu'a. Allah ya aiko da iska ta tumɓuke bishiyar daga saiwarta ta yar. Mutanen Najran suka bi shi, ya ɗora su a kan shari'ar Annabi Isa ɗan Maryamu. Ibn Ishaƙ ya ƙara da cewa daga baya ƙage-ƙagen da suka shiga addinin Nasara a ko'ina sun shigo musu su ma.

Akwai ruwaya ta biyu, daga Muhammadu ɗan Ka'abu Alƙurazi da wasu mutanen Najran, wadda ba ta ambaci baƙon da suna ba, amma Ibn Ishaƙ ya ɗauke shi shi ne Faimiyun. A cikinta, ya kafa tanti tsakanin Najran da wani ƙauye inda wani boka yake koya wa yara sihiri. Wani yaro, Abdullahi ɗan Samir, wanda ubansa yake aikawa wurin bokan, ya dinga tsayawa a tantin yana kallon sallar mutumin, har ya karɓi tauhidi. Ya nemi a sanar da shi Sunan Allah Mafi Girma, malamin ya hana shi don yana tsoron ba zai iya ɗauka ba. Yaron ya samo itatuwa, ya rubuta kowane sunan Allah da ya sani a kan ɗaya, ya hura wuta yana jefawa, har ɗaya ya yi tsalle ya fito bai ƙone ba. Malamin ya tabbatar masa shi ne, ya umarce shi ya kame bakinsa, ko da yake bai zaci zai kame ba. Haka kuwa aka yi. Abdullahi ya saɓa wa malaminsa a hanya, domin shi neman marasa lafiya yake yi. Duk mai ciwon da ya haɗu da shi sai ya kira shi ga kaɗaita Allah, sannan ya yi masa addu'a ya warke, har ba a bar mai cuta a garin ba wanda bai zo masa ba.

Ba sai an yi mana dogon bayani ba game da ƙarfin wannan ƙofa. Wanda ya tsaya a kan mutum ranar da yake kwance, shi yake samun kunnensa ranar da ya tashi. Mun ga yadda jama'armu suke tururuwa zuwa asibitin mishan na Galmi, wanda aka buɗe tun 1950, kuma babu mai zargin mara lafiya don ya nemi magani inda yake. Tambayar tana kanmu ne: masallatai nawa muka gina a unguwa ɗaya, kuma cikinsu nawa ne suke da asusun da zai sayi magani ga maƙwabcin da ya kasa?

Sarkin garin ya ga yaron ya raba shi da mutanensa. Aka jefo shi daga dutse mai tsawo, aka jefa shi cikin ruwa mai zurfi, bai mutu ba, sai da shi da kansa ya nuna wa sarkin cewa ba zai iya kashe shi ba sai ya ambaci Allah Makaɗaici. Makamancin wannan labari ya zo cikin Sahihu Muslim daga sahabi Suhaibu, labarin yaro da boka da mai ibada, kuma shi ne abin dogaro a wurinmu, ko da yake hadisin bai ambaci sunan gari ko na yaron ba.

Abin da Faimiyun ya shuka an jarrabe shi da wuta. A shekara ta 523 ta Miladiyya, sarkin Himyar na Yaman, Yusufu wanda ake kira Zu Nuwas, da ya riƙi addinin Yahudu, ya zo wa Najran da runduna, ya ba su zaɓi tsakanin barin addininsu da mutuwa. Suka zaɓi mutuwa. Ya sa aka haƙa rami aka cika da wuta, wasu aka ƙone, wasu aka sare da takobi. Ibn Ishaƙ ya ce waɗanda aka kashe sun kusa 20,000. Littattafan Nasara na wancan zamani su ma sun rubuta wannan kisa, sun ambaci shugaban mutanen garin, wani dattijo mai suna Harisu. A shekara ta 525 rundunar Habasha ta ƙetaro teku ta kawar da mulkin Zu Nuwas, kuma daga cikin wannan runduna Abrahata ya fito, wanda ya nufi Ka'aba da giwa. Har yau akwai kufai a gefen birnin Najran da ake kira Al-Ukhdud, wato ramin.

Nasarancin Najran bai ƙare da ramin ba. Jikokin mutanen nan ne suka aiko tawaga ta mahaya 60 zuwa Madina, tare da limaminsu Abu Harisa ɗan Alƙama. Lokacin ibadarsu ya yi suna cikin masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ƙyale su, suka fuskanci gabas suka yi. Ya yi muhawara da su a kan matsayin Annabi Isa, ayoyi tamanin da wani abu na farkon Suratu Ali Imrana suka sauka a kan haka. Ba su musulunta ba, aka yi sulhu a kan za su riƙa ba da tufafi 2,000 a shekara, a tsare musu rayukansu da dukiyarsu da wuraren ibadarsu. Da suka nemi a haɗa su da mutum amintacce, sai ya ba su Abu Ubaida ɗan Jarrahi.

Ibn Ishaƙ ya kuma ruwaito cewa a zamanin halifancin Sayyidina Umaru wani mutumin Najran yana haƙa a wani kango, sai ya tarar da Abdullahi ɗan Samir a zaune cikin kabarinsa, hannunsa a kan raunin da ke kansa. In aka janye hannun sai jini ya zubo, in aka mayar sai ya tsaya. A yatsansa akwai zobe da aka zana shaidar tauhidi a kai. Aka rubuta wa Umaru, ya aiko da umarnin a bar shi yadda aka same shi, a mayar masa da ƙasarsa.