Rafayel Lemkin, Mutumin Da Ya Raɗa Wa Babban Laifi Suna

An haifi Rafayel Lemkin a shekara ta 1900, a wani ƙauye da yake cikin ƙasar Belarus yanzu. Bayahude ne, ɗan manomi. Tun yana yaro ya karanta labarin yadda Sarki Nero na Rum ya jefa Kirista ga namomin jeji, abin kuwa bai fita daga zuciyarsa ba.

A 1921, sa'ad da yake ɗalibi, wani saurayi Ba'armeniye ya harbe Talat Fasha a birnin Balin. Shi Talat yana cikin shugabannin Turkiyya da suka sa aka hallaka Armeniyawa tun daga 1915. Aka kai saurayin gaban shari'a saboda rai ɗaya, amma babu dokar da za ta kama wanda ya hallaka al'umma. Wannan ya dami Lemkin ƙwarai, har ya ba da kansa ga koyon shari'a.

Da sojojin Hitila suka faɗa wa Folan a 1939, sai ya gudu, ya bi ta Suwidin, ya isa Amurka a 1941. A 1944 ya buga littafi inda ya ƙago kalmar jenosaid, daga kalmar Helenanci mai nufin kabila da ta Latin mai nufin kisa. Mu muna cewa kisan ƙare dangi. Bayan yaƙi ya ji labari cewa danginsa 49 sun hallaka, har da mahaifinsa da mahaifiyarsa.

Bai zauna makoki kaɗai ba. Ya yi ta bin wakilan ƙasashe ɗaya ɗaya yana roƙonsu, har waɗansu suka riƙa kauce masa. Ran 9 ga Disamba 1948, a birnin Faris, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar. Ta ce laifin shi ne a yi niyyar hallaka wata al'umma, ko kabila, ko jinsi, ko mabiya wani addini, duka ko sashi, ko ta wurin kisa, ko hana haihuwa, ko ƙwace 'ya'yansu.

Lemkin ya rasu a birnin Niyok a 1959, matalauci, mutane kaɗan ne suka je jana'izarsa. Amurka ba ta shiga yarjejeniyar sosai ba sai 1988. Sai a 1998 kotun duniya ta fara hukunta wani da wannan laifi, wato wani magajin gari na Ruwanda. Har wa yau gwamnatin Turkiyya ba ta yarda a kira abin da ya sami Armeniyawa da wannan suna ba.

'Yan'uwa, muna gani doka ba ta hana mugunta ita kaɗai. Amma laifin da ba shi da suna, mai yinsa yakan yi musu cikin sauƙi. Idan muka ji ana zancen kawar da wata kabila, ko tamu ko ta maƙwabcinmu, kada mu yi shiru.