Marigayi Farfesa Lambo, Likitan Da Ya Kwance Mari

A Madobi, da Kura, da Bunkure, mun san yadda akan yi in hankalin mutum ya taɓu. Akan sa masa mari, a kulle shi a ɗaki, dangi su yi ta ɓoye zancen don kunya. Shi ya sa yau muka kawo muku tarihin wani ɗan ƙasarmu da ya nuna akwai wata hanya.

An haifi Thomas Adeoye Lambo a Abeokuta a 1923. Ya yi makarantar sakandare ta Baftis a garinsu, ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham ta Ingila, sa'an nan ya ƙware kan ciwon taɓin hankali a asibitin Maudsley da ke Landan. A 1954 ya komo gida ya kama aiki a asibitin Aro, kusa da Abeokuta.

Cikin masu zuwa wurinsa akwai masu ciwon da likitoci ke kira sikizofiraniya. Mai wannan ciwo yakan ji muryoyin da ba kowa ke ji ba, ya riƙa zargin ana binsa da sharri, ya guji mutane. Maimakon ya kulle su, Lambo ya roƙi ƙauyukan da ke kewaye da Aro su ba su masauki. Kowane majinyaci yakan zo da ɗan'uwa mai kula da shi, da rana ya karɓi magani a asibiti, da yamma ya koma cikin jama'a. Har masu maganin gargajiya ya jawo su cikin aikin.

Ya zama farfesa a Jami'ar Ibadan a 1963, ya kuma shugabance ta daga 1968 zuwa 1971. A shekarun nan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta soma binciken wannan ciwo a ƙasashe 9, Ibadan na ciki. Da aka bi majinyatan bayan shekara 2, sai aka tarar na Ibadan sun fi na Landan samun sauƙi. Masana da yawa sun danganta wannan ga riƙon dangi.

Daga 1973 zuwa 1988 shi ne mataimakin babban darektan hukumar. Ya rasu a 2004.

'Yan'uwa, wannan ciwo yana da magani. In ya sami wani namu, mu kai shi asibiti, kamar na Dawanau a Kano, mu lura da shan maganinsa, mu kuma ci gaba da cin tuwo tare da shi.