Ibnul Haisam da ƴar ƙofar haske

Wanda duk ya taɓa ganin rana ta kutso ta hudar ƙyaure cikin ɗaki mai duhu, to ya ga abin da Hasan Ibnul Haisam ya yi shekaru yana nazari. An haife shi a Basara ta Iraƙi wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040.

Masu tarihi sun ce ya cika baki zai iya shawo kan ambaliyar Kogin Nilu, sai sarki Alhakim na Masar ya kira shi. Da ya je Aswan ya ga ruwan, jikinsa ya yi sanyi. Sarkin nan kuwa kisa ba ya ba shi wuya. Malam ya yi haukan ƙarya don ya tsira da ransa, aka tsare shi a gida har 1021.

Littafinsa Kitabul Manazir, juzu'i 7, ya nuna haske ne ke shiga ido, ba ido ke aika haske ba. Mu dai abin da ya fi burge mu shi ne bayaninsa na husufin rana: in huda ƙarama ce, siffar ranar da aka ci gefenta na fitowa sarai a bango, in aka faɗaɗa ta, haske ya ƙaru amma siffar ta ɓace.

Wannan cinikin ne masu ƙera kamarar wayoyinmu ke yi har yau. A 2018 Samsung ya fito da Galaxy S9, mai ƙofar haske da ke buɗewa cikin duhu, ta tsuke da rana, alhali hudar ba ta kai ƙwayar wake ba.