Muhammadu al-Katsinawi: Masanin Haruffa da Hatimi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gari irin Dandamisa, ko wani ƙauye na ƙasar Makarfi, Ikara da Kudan, ya san hatimi. Yakan gan shi a allon malami ko a cikin laya, wani lokaci kuma a fuskar zoben azurfa. Sai dai kaɗan ne suka san cewa akwai lissafi mai zurfi a cikin waɗannan gidaje, kuma ɗaya daga cikin malaman da duniyar Musulmi ta sallama wa a fannin ɗan ƙasar Hausa ne.

2.0 Asalinsa da Karatunsa

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne daga ƙasar Katsina. Larabawa sun san shi da al-Kashnawi, sukan kuma ƙara masa al-Danrankawi, wato suna danganta shi da garin Ɗanranko. Daga cikin malamansa akwai Shehu Muhammadu al-Wali na Bagarmi da Shehu Muhammadu Bindu. Ya yi zurfi a nahawu da manɗiƙi da ilimin taurari da hisabi. Wajen shekarar 1730 ya sauke farali a Makka, daga nan ya zarce Masar.

3.0 Ayyukansa

Wajen 1732 ya kammala Bahjat al-Afaq, littafin da ya yi a kan ilimin haruffa da hatimai. Bayansa ya kammala al-Durr al-Manzum a Alƙahira, inda ya dogara da wani aiki na Fakhruddin al-Razi. Yana kuma da littafi a kan nahawu mai suna Bulugh al-Arab.

Domin ɗalibi ya fahimci abin da ya yi, sai ya dubi hatimi mafi ƙanƙanta, mai gida tara. Layin farko 4, 9, 2. Na biyu 3, 5, 7. Na uku 8, 1, 6. Ko a tsaye aka tara, ko a kwance, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. A hisabi kowane harafin Larabci yana da adadinsa. Sunan Hauwa'u ya tashi 15, sunan Adamu kuwa 45, wato jimillar gidajen tara. Lambobin kusurwa, 2, 4, 6 da 8, su ne haruffan da suka haifar da kalmar Buduh. Ta nan adadi da harafi suka zama alama mai ma'ana.

Gudummawar al-Katsinawi ita ce bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, kamar biyar-biyar ko bakwai-bakwai, ta yadda marubuci zai san inda zai fara da yadda zai tsallaka daga gida zuwa gida har lissafi ya daidaita.

4.0 Daga Takarda zuwa Ƙarfe

Wannan ilimi bai tsaya a takarda ba. Tun kafin zamaninsa, maƙeran Masar da Sham da Farisa suna zana ayoyi da hatimai a cikin tasoshin tagulla, ana zuba ruwa a sha don neman waraka, kwatankwacin rubutun sha a wurinmu. Maƙeri ba ya iya goge kuskure kamar yadda ake wanke allo, saboda haka dole ne abin da malami ya tsara masa ya zama daidai tun farko.

5.0 Rasuwarsa

Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, wanda ya yi karatu a wurinsa, ya kuma gaji littattafansa. Ɗan wannan Shehu, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, shi ya adana mana labarinsa a cikin Aja'ib al-Athar. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kan aikinsa, sannan Claudia Zaslavsky ta gabatar da shi ga masana lissafi a littafinta na 1973.

6.0 Kammalawa

Malamai sun sha bamban a kan halaccin aiki da hatimi, amma lissafin da ke cikinsa kowa yana iya gwadawa ya tabbatar. Malamin gobe zai iya zana gida tara a allo, ya sa yara su nemo 15, sannan ya gaya musu sunan Bakatsinen da Misirawa suka zauna a gabansa suna ɗaukar karatu.