Janar Murtala Muhammed da Yaƙin Onitsha

Duk wanda ya riƙe takardar Naira 20 ya ga fuskar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed. Yawancinmu mun san shi a matsayin shugaban ƙasa. Amma kafin nan, shi ne kwamandan da ya ja dakaru a ɗaya daga cikin faɗace-faɗace mafi muni na yaƙin basasar Nijeriya.

An haife shi a birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatu a kwalejin gwamnati ta Zariya, wadda ake kira Barewa, sa'an nan ya shiga aikin soja, ya sami horo a Sandhurst ta Ingila. Ya kuma yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kongo.

Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli, 1967. A watan Agusta sojojin Biyafara suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma, suka kai har garin Ore a kan hanyar Legas. Cikin gaggawa aka harhaɗa Runduna ta Biyu, aka danƙa wa Murtala, lokacin bai cika shekara 29 ba. Ya kore su, ya ƙwato birnin Benin a watan Satumba, ya isa Asaba a bakin Kogin Kwara a farkon Oktoba. A nan ne, ranar 7 ga Oktoba, wasu sojojin rundunarsa suka harbe ɗaruruwan maza da samari farar hula. Wannan tabo ne da bai kamata mu ɓoye ba.

Garin Onitsha yana tsallaken kogi, 'yan Biyafara kuwa sun karya gada. Hedikwatar soja a Legas ta ba shi shawara ya bi ta arewa, ya ƙetare a Idah inda babu abokan gaba. Murtala ya ƙi, ya zaɓi ƙetarewa kai tsaye cikin jiragen ruwa. Mu da muke zaune kusa da magudanan ruwan Kura da Bunkure mun san ruwa ba ya jin tsoron jarumi. A karon farko sojojinsa sun sauka Onitsha, amma wasu suka shagala da wawashe kasuwa. 'Yan Biyafara suka juyo musu, ga kogi a bayansu, babu wurin gudu. An sake gwadawa har sau biyu, duk aka sha kashi, sojoji masu yawa suka halaka. Daga bisani ya bi ta Idah ɗin, ya kama Onitsha a watan Maris, 1968. Ranar 31 ga wannan wata kuma aka yi wa jerin motocin rundunarsa kusan 100 kwanton ɓauna a Abagana, suka ƙone ƙurmus. Ba da daɗewa ba ya bar fagen daga.

Ya zama shugaban ƙasa a ƙarshen Yuli, 1975. Cikin kwana kusan 200 ya mayar da jihohi 19, ya tsai da shawarar mayar da babban birni Abuja. An harbe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976, yana da shekara 37, aka binne shi a Kano.

Zafin naman da ya ceci Legas a 1967, shi ne ya jefa samari cikin Kwara bayan 'yan makonni. Da yawa daga cikinsu ba su girmi 'yan ajinmu na ƙarshe da wasu shekaru ba. Ya ku ɗalibai, a cikinku akwai shugabannin gobe. Ku ɗauki ƙwazon Murtala, amma in rayukan wasu suna hannunku, ku saurari shawara, gama sauri kan haifi nawa.